Daga gandu zuwa fada: tarihin komawa gidan uba

A watan Oktoban bara yayana ya sauka Maraɗi daga Yamai da jaka biyu, da katifa a naɗe, da kwali guda cike da takardu. Shekarunsa talatin da ɗaya. Yana da lisans, yana da mastar a fannin tattalin arziki, ya yi sarbis sibik ɗinsa na shekara biyu, ya ƙara da istaj har uku waɗanda ba a ba shi ko dala ba. Abokin da suke raba haya ya yi aure, kuɗin ɗaki ya gagare shi shi kaɗai, sai ya tattaro. Aka share masa shagon bakin zaure, inda ƙannenmu biyu ƴan kwaleji ke kwana, aka matsar da tabarmarsu gefe.

Ina gida a lokacin, ba mu koma anfi ba tukuna. Na ji Inna tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga: "Ai babban ya dawo." Da dare kuma na ji shi a waya da wani abokinsa na Yamai, murya ƙasa-ƙasa: "Wallahi na koma gida."

Mu ɗaliban kimiyyar harshe kunnenmu ba ya barin irin wannan ta wuce. Wasalin -o da ke ƙarshen aikatau, wanda Parsons ya sa a aji na shida, yana nuna abu ya nufo inda mai magana yake: fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo. Inna na tsaye cikin gida, don haka a wurinta ɗanta ya dawo. Shi kuwa yana zaune cikin gidan ne, amma ya ce ya koma, kamar bakinsa na can Yamai yana hangen jikinsa daga nesa. Kuma kun san sauran aikin da "koma" ke yi a Hausa: a koma baya, babba ya koma yaro.

Bayan wata uku abin ya fashe. Ana cin tuwon dare, Baba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba: "Ni a shekarun wasu ina da gida da ƴaƴa huɗu." Yaya ya tsame hannu, ya wanke, ya fita. Tun ranar sai gaisuwa. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ɗan littafi suna da irin wannan shago a gidansu, wasu ma su ne a ciki. Ni na so in san wa ke da gaskiya tsakanin mutum biyun nan da nake ƙauna. Sai na yi abin da aka koya mana: na tambayi tsofaffi, na duba shekaru.

Lokacin da zama gidan uba shi ne aiki

Na tafi ƙauyenmu da ke kudu da Maraɗi wurin yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba. Bai yi lakwal ba, ya haura saba'in da biyar. Da na ce masa Yaya na jin kunyar zama gidan ubansa, sai ya yi dariya: "To gidan wa za shi zamna? Ni da mata biyu da ɗiya shidda ina cikin gandun tsohonmu, ba wanda ya ce mini komi."

Gandu shi ne tsarin da ya riƙe ƙasar Hausa ta manoma tsawon zamani. Mai gida ne ke da babbar gona. Ƴaƴansa maza, har masu aure, da ƙannensa wani lokaci, suna noma ta tare. A gidansu Baba Babba kwana huɗu ne na gandu a mako, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa, wato ƴar gonar da mai gida ya yanka masa, abin da Kanawa ke kira gayauna. Abin da ya fito daga gamana na mai ita ne, ya sayi riga ko akuya. Shi kuma mai gida akwai abin da ke wuyansa: ya ciyar da damina daga rumbun gandu, ya biya harajin kowane kai, ya yi wa saurayi auren fari.

Ku lura da wannan sosai. Saurayin gandu ba ya neman aiki, aikin ne ke jiransa. Ba ya tara kuɗin aure, gida ke tara masa. Ba daɗi ne zalla ba: uba na iya danne ɗa har ya yi furfura, kuma gumin mata da na ƙanne ba a cika lissafa shi ba. Amma yarjejeniya ce mai fuska biyu. Ka ba da ƙarfinka, a ba ka ci da mata da matsayi.

Fita ma na cikin tsarin. In an gama kaka aka rufe rumbun gandu, samari su tafi cin rani, Katsina, Kano, har Ikko, su rage baki a gida, su dawo da ruwan fari. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu daga Najeriya, ta ba su mako biyu. Baba Babba na cikinsu. Ya ce ya iso ƙauye da rigar wuyansa da rediyo guda. Na tambaye shi yadda aka tarbe shi. Ya ce: "An ba ni hura, an ba ni hauya." Shekara ta zagayo aka shiga yunwar 1984, wadda a yankinmu ake kira El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar da Buhari ya yi. Suka sha wuya tare, amma ba wanda ya kira shi cima-zaune.

Gyaɗa, haraji da lakwal

Gandun bai faɗi rana ɗaya ba. Tun zamanin Faransawa ya soma tsagewa. Haraji ya zama na tsabar kuɗi, kuma hanyar samun kuɗin a yankin Maraɗi da Damagaram ita ce gyaɗa. Bayan ƴancin kai na 1960 gyaɗar ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, har aka kafa mata kamfanin SONARA a 1962. Da saurayi ya ga buhun gyaɗar gamanarsa na iya biyan harajinsa ya saya masa keke, sai ya fara tambayar abin da ya sa zai ba uba kwana huɗu. Mai gida shi ma da nauyi ya yi yawa sai ya ce kowa ya ji da kansa. Farin 1973 da 1974 ya zo ya karya gyaɗar, ya bar rumbuna wayam.

Sai kuma yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen miliyan 5 a Nijar. Ta 1988 ta haura miliyan 7, ta 2001 ta kai miliyan 11, ta 2012 ta wuce miliyan 17. Mafi yawanmu kuma a wannan siririn kudu muke, inda ruwan sama ke isa noma. Gonar kakana da ta ciyar da gida guda an raba ta gado sau biyu. Kason da ya faɗo wa Baba bai kai ya ciyar da mu wata uku ba, ya bar wa ɗan'uwansa.

Cikin wannan tsagewar aka kama Baba aka kai shi lakwal. Kama shi aka yi, haka yake faɗa: mai gari aka ce ya kawo yara, ya zaɓi ɗan gidan da ba zai iya musu ba. Kakarmu ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Ba ta san an fitar da shi daga wani gandu ne an sa shi cikin wani ba.

Lokacin da gwamnati ta zama mai gida

A 1971 aka fara haƙo uraniyom a Arlit, a 1978 aka buɗe mahaƙar Akuta. Farashi ya hau, kuɗi suka shigo baitulmali a zamanin Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a Afrilun 1974. Ƙasar na da ƙishin ma'aikata: malamai, ma'aikatan likita, malaman gona, akawuna. Jami'ar Yamai kanta jaririya ce, a farkon shekarun 1970 aka kafa ta. Masu diplom ba su kai yawan kujerun ba.

Baba ya fito makarantar horar da malamai a 1979. Na tambaye shi dosiye nawa ya ajiye kafin ya samu aiki. Ya dube ni kamar na yi wani yare. "Wane dosiye? Takarda ta zo, an ce ga garin da aka tura ka." A wancan lokaci gwamnati ke tsara abin da ɗalibi zai karanta, ta ba shi burs, ya gama ta ɗauke shi. Da albashin shekarar farko Baba ya yi aure, a ta biyar ya sayi filin da muke ciki yau.

In kun duba, yarjejeniyar gandu ce aka sake wa riga. Ka ba da shekarunka na ƙuruciya a aji, a ba ka ci da aure da matsayi. Bambancin shi ne sabon mai gidan ya koya wa mutane sabon ma'auni: cikakken mutum shi ne wanda ya fita gidan ubansa, yake da albashi, yake aiko da buhu gida. Wannan ma'aunin bai fi shekara ashirin yana aiki sosai ba, kuma ƴan kaɗan ne ya taɓa shafa. Amma da shi ake auna mu har yau.

An rufe rumbu

Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, daga baya Bankin Duniya ya zo da shirin gyaran tattalin arziki, wanda iyayenmu ke kira PAS. Ma'anarsa a ƙasa ita ce a rage kashe kuɗi, a taƙaita ɗaukar ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati, a matse burs. Ɗaukar kai tsaye ta ƙare, kwankur ya maye gurbinta.

Ɗalibai sun gane abin da ke zuwa. Ran 9 ga Fabrairun 1990, a zamanin Ali Shaibu, suka fito daga jami'a suka hau gadar Kennedy, aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Duk shekara muna tunawa da ranar, amma sau da yawa muna mantawa cewa cikin abin da ya fito da su akwai wannan tambaya da ke damunmu yau: in mun gama, ina muka nufa? Jinin ya taimaka aka kai ga babban taron ƙasa na 1991 da jam'iyyu da yawa. Sai dai dimokuraɗiyya ta iske baitulmali babu komai. A Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, farashin kayan waje ya tashi. Ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi, makarantu suka yi farar shekara. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka zama ƴan kwantiragi: aikin Baba ne, allon Baba ne, amma kuɗi kaɗan kuma ba tabbas.

Ƙofar shiga ta ƙuntata, ta fitowa kuwa ta ƙara faɗi. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Abin alheri ne, ni ma ba zan so a rufe ko ɗaya ba. Amma kowace shekara suna fitar da masu diplom zuwa kasuwar da ba ta girma daidai da su ba.

Hanyar cin rani ita ma ta riƙa toshewa. Rikicin Kodebuwa na 2002 ya koro mutane. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta maido dubban samari daga Libiya, musamman ƴan yankin Tawa, da yawansu hannu wofi, kuma su ne dā ke ciyar da gidajen da suka dawo ciki. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ɗan Maraɗi ya san abin da rufe hanyar Ɗan Isa da Jibiya ke nufi ga mai ɗaukar kaya da mai kabu-kabu. Don haka shagon bakin zaure ba na mai mastar kaɗai ba ne.

Kalmomin da muka samu

Harshe ya ajiye shaidar duk wannan. Kalmar "shomer" aro ce daga Faransanci, kuma dole ta zama aro, don ba a zama shomer sai a inda albashi ya zama ma'auni. Baba Babba ya yi rani da yawa ba ya komai sai saƙar igiya a gindin bedi, ba a taɓa kiransa haka ba. Kalmominmu na gida kuwa, zaman kashe wando, cima-zaune, zauna-gari-banza, duk zagi ne. An ƙera su don malalacin da gona ke jira ya ƙi zuwa. Yau muna jifan wanda ba shi da gonar da su.

"Fada" ma ta sake ma'ana. Dā fada ta sarki ce, inda ake yanke hukunci. Daga shekarun 1990, lokacin farar shekara da rashin albashi, samarin birane suka ɗauki sunan suka ba tabarmarsu ta bakin titi, inda ake dafa shayi ana jiran na ɗaya, na biyu, na uku. Manya na ganin lalaci ne. Ni da na zauna fadar su Yaya na ga wani abu: akwai shugaba, akwai ma'aji, ana tontin, in ɗaya zai yi suna ko an kwantar da uwarsa likita su ne ke tashi. A can ake jin labarin kwankur, a can ake aron jika biyu na haɗa dosiye. Wanda ba shi da ɗaki nasa, ba shi da ta cewa a tsakar gida, a fada yake zama babba na ƴan awoyi.

Akwai kuma abin da na lura da shi game da mata. Komawar ɗiya mace gida tana da sunaye da ƙa'idoji tun dā: goyon ciki, wankan jego, yaji, zawarci. Ba duka ke da daɗi ba, amma kowa ya san inda za ta kwana da abin da ake jira daga gare ta. Wadda ta gama jami'a ta zauna gida ba aiki, ita ba a ma ce ta dawo, ana cewa tana jiran miji, ko da kwankur take jira. Namiji mai shekara talatin da ya dawo da katifa kuwa, Hausa ba ta da suna mai mutunci da za ta ba shi. Abin da ba shi da suna, kowa sai ya kira shi da abin da ya zo bakinsa.

Abin da Baba bai faɗa ba

Kafin in baro ƙauye na gaya wa Baba Babba maganar da aka yi a kan tuwo. Ya yi shiru, sa'annan ya ce: "Shi ya ce haka? Ka tambaye shi shekarar da aka yi wata da watanni ba a biya su ba, hatsin wa suka ci? Nan ya kawo uwarku da yaran, damina guda suna ɗakin tsohuwa. Yayan naka a nan ya koyi tahiya."

Ban taɓa jin wannan ba. An haife ni bayan abin ya wuce, kuma ba a maganarsa a gidanmu. Ashe mai albashin ma ya taɓa komawa. Bambancinsa da Yaya shi ne lokacin akwai rumbun da za a koma wa. Gidan da Yaya ya dawo ciki ba shi da gona, ba shi da gamana. Fanshon mutum ɗaya ne ke riƙe da baki goma sha ɗaya, da ɗan cinikin ƙanƙara da Inna ke yi in akwai wuta. Da na yi wannan lissafin sai na daina jin haushin Baba. Maganarsa ta tsoro ce: yana da shekara kusan saba'in, ya zaci yanzu shi za a riƙa kawo wa.

Ban iya tambayarsa kai tsaye ba, kun san ba a yi. Na dai ce masa Baba Babba na gaishe shi, kuma ya ba ni labarin daminar da su Yaya suka yi a ƙauye. Ya daɗe yana kallon carbinsa. Ya ce: "Ya faɗa maka wannan?" Na ce e. Bai ƙara komai ba.

Ba zan ce muku an shirya ba. Abin da na gani shi ne bayan ƴan kwanaki Baba ya aiki ƙaramin ƙanenmu da littafin da yake rubuta kuɗin cefane da na wuta da na ruwa, ya ce a kai wa Yaya, tunda shi ya karanta tattalin arziki. Yanzu Yaya ke riƙe da littafin. Yana koyar da yaran unguwa lissafi da yamma, jika biyu-biyu a wata, yana sayen gas daga ciki. Ya ajiye dosiye a kwankur biyu, muna jira. Har yanzu in ya ji sallamar abokan Baba sai ya shige shago ya ja labule.

Abin da nake so mu ɗauka, ƴan'uwana ɗalibai, shi ne kunyar nan da muke ɗauka kamar laifin mutum ɗaya tana da shekaru da ranaku: 1974, 1983, 1990, 1994, 2011. Sanin haka ba ya sayen buhun shinkafa. Amma yana hana ɗa ya ɗauka shi kaɗai ne ya kasa, yana hana uba auna 2024 da mudun 1979. Kuma tsohon gandu, duk da aibinsa, ya san abu ɗaya da muka manta: wanda ya dawo, a ba shi hura, a ba shi abin riƙewa a hannu. In kun je hutu ku tambayi tsofaffinku wa ya taɓa komawa gida a danginku, da abin da aka ba shi. Ku rubuto mana, mu haɗa a fitowa ta gaba.

Ni ina shekarar ƙarshe ta lisans. Ran da zan taho Yamai Inna ta raka ni bakin zaure, ta leƙa shagon, ta ce in an matsa akwatin Yaya zuwa kusurwa akwai wurin katifa ɗaya. Na ce mata Allah ya sa ba sai an matsa ba. Ta ce amin, amma dai ta auna wurin da tafin ƙafa.